Gini ko kwamfuta: ina kuɗin makaranta za su fara zuwa?

Baban Ɗalibai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga malamai da injiniyoyin cikinmu ce. A ce hukumar da ke kula da makarantun wata gunduma ta samu kuɗi masu kauri, amma ba za su isa komai da komai ba. Azuzuwa sun yi kaɗan, wasu ma rufinsu na yoyo. A ɗaya gefen kuma ana ta kira a bai wa kowane yaro kwamfutar cinya, a koma koyarwa da ita. Wanne za a sa a gaba? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga kwamfutar, don bulo da siminti ba sa koya wa yaro komai. Amma ina son jin ta bakinku.

Injiniyan Gini:
Wa alaikumus salam, Baba. Kafin a zaɓa, bari in kawo muku labarin waɗanda suka ce ba sai sun zaɓa ba, suka ɗauki kuɗin gini suka sayi na'ura da su.

Gundumar makarantun Los Angeles ita ce ta biyu a girma a Amurka, bayan ta New York, ɗalibanta sun haura dubu 600 a lokacin. A 2013 suka fito da shirin bai wa kowane ɗalibi iPad, wato kwamfutar hannu ta kamfanin Apple, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 1.3 in an haɗa da gyaran intanet na makarantun. Kuɗin daga ina? Daga takardun lamuni na gina makarantu, wato bashin da jama'ar gunduma suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ciwo, ana biya sannu a hankali daga harajin gidaje da filaye har tsawon shekara 25 ko makamancin haka. Na'urar da aka saya kuwa, in ta yi shekara biyar a hannun yaro ta yi ƙoƙari.

Aka fara da makarantu 47. Ba a yi mako guda da rabawa ba ɗalibai kusan 300 a wata sakandare suka gano yadda ake cire shingen tsaron, suka shiga Facebook da YouTube abinsu. Manhajar darussan da kamfanin Pearson ya kamata ya zuba a ciki ba ta kammala ba. Daga baya kuma aka farga cewa sai an sayi madannai daban, don ba a rubuta jarrabawa mai tsawo da taɓa gilashi. Shugaban gundumar, John Deasy, ya ajiye aiki a Oktoba 2014, kafin shekarar ta ƙare hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta kwashi takardun kwangilar, shirin ya ruguje. Bashin dai bai ruguje ba.

Ɗan Kwamfuta:
Injiniya, ka zaɓo wanda ya fi kowanne muni ne ai. Matsalar Los Angeles ta kwangila ce da gaggawa, ba ta na'ura ba. Me ya sa ba ka ambaci jihar Maine ba? Tun 2002, zamanin gwamna Angus King, suka fara bai wa 'yan aji bakwai kwamfutar Apple, shirin ya ɗore shekara da shekaru. Ga Yurugwai: shirin Ceibal ya fara a 2007, zuwa 2009 kowane yaron firamaren gwamnati na da tasa. Da korona ta rufe makarantu a 2020, su ba su tsaya neman ta inda za a fara ba, na'ura na hannun yara, dandalin darasi na nan, malamai sun saba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ranar, ginin da kake kārewa kulle shi aka yi da kwaɗo.

Hajiya Mai Akanta:
Ɗana, ka tsallake abin da Injiniya ke nufi. Bai ce kwamfuta ba ta da amfani ba. Cewa ya yi an biya ta daga aljihun da ba nata ba.

A kasafin kuɗi aljihu biyu ne. Akwai na manyan ayyuka, abin da za a yi sau ɗaya ya daɗe: fili, gini, rufi, wayarin. Akwai na gudanarwa, abin da ke dawowa kowace shekara: albashi, littattafai, kuɗin wuta. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kada shekarun bashi su wuce shekarun abin da aka saya da shi. Gini na iya kai shekara 50, don haka adalci ne yaran da za su zauna cikinsa nan gaba, iyayensu su taya biya. Kwamfuta kuwa kamanninta ne kawai na kadara, halinta na kayan gudanarwa ne. In ka saye ta da bashin shekara 25, za ka sake sayen wata sau huɗu ko biyar alhali ba ka gama biyan ta farko ba. Kamar mutum ne ya ci bashin da zai biya har ɗansa ya yi aure, ya saya wa yaron takalmin makaranta da shi.

Kuma ku lura, doka ba ta hana su ba. Dokar 2000 ta Kalifoniya, jihar da Los Angeles ke ciki, wadda ta sauko da yawan ƙuri'un da ake buƙata don amincewa da irin wannan bashin daga kashi biyu bisa uku zuwa kashi 55 cikin 100, ta yarda a kashe kuɗin wajen sa wa makaranta kayan aiki. Ta wannan ƙofar aka bi. Halas a takarda, amma mai gidan da ya kaɗa ƙuri'a don a gyara banɗakin makaranta ba abin da ya zata ke nan ba.

Baban Ɗalibai:
Hajiya, na gane lissafin. Amma bar maganar aljihu tukuna. Yaron yana ƙaruwa da ita ko ba ya ƙaruwa? Nan ne nawa damuwar.

Malam Mai Alli:
Baba, wannan an gwada shi, kuma a gwaji babba. Ka tuna shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro da Nicholas Negroponte ya sanar a 2005, 'yar koriyar nan da aka ce za ta zo a dala 100, ba ta kuma taɓa saukowa wannan farashin ba? Ƙasar Peru ta sayi sama da dubu 800. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012. Bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfutar, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu ba wani bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin makarantun ba intanet, horon da aka bai wa malamai ɗan kaɗan ne, abin da ke cikin na'urar kuma ba ya bin darasin da malam zai koyar gobe.

Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasa da ƙasa, OECD, ma a 2015 ta duba ƙasashen da ke rubuta jarrabawar PISA, wadda ake gwada ɗaliban ƙasashe daban-daban da ita. Abin da ta gani shi ne masu amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓa ta, amma masu yawan amfani da ita sakamakonsu ya fi na kowa rauni.

Ɗan Kwamfuta:
Malam, ka ba da rabin labari. A Delhi an gwada wata manhaja, Mindspark, wadda ke fara gano inda yaro ya tsaya a lissafi, ta ba shi aiki daidai da ƙarfinsa, ba daidai da ajin da aka rubuta masa ba. Cikin wata huɗu da rabi yaran sun yi nisa sosai a lissafi da harshen Hindi. Wane malami ne zai iya yi wa yara hamsin haka, kowa da nasa darasin?

Malam Mai Alli:
Ba na musu, kuma wannan na daga cikin gwaje-gwajen da na fi yarda da su. Amma dubi yadda aka yi shi. Ba a raba wa yaran na'ura sun tafi gida da ita ba. Cibiya suke zuwa bayan an tashi makaranta, su yi wani lokaci a kan kwamfuta, su yi wani da malami. Wato ɗaki ne mai wuta da kujeru da babban mutum a tsaye. Ka ga mun dawo wurin Injiniya.

Malamar Aji Biyar:
Ku bari wadda ta tsaya gaban aji da waɗannan na'urori ta sa baki.

Darasi minti arba'in ne. Ka ce a buɗe kwamfuta. Nan take hannaye za su tashi: wannan bai yi caji ba, wancan ya manta kalmar sirri, wata tata ta zaɓi wannan lokacin ta fara sabunta kanta, da'irar nan tana ta juyawa a fuskarta. Soket biyu ne a ajin, dukansu a bangon gaba kusa da allo, don wanda ya zana ginin fanka da rediyo kawai ya sani. Sai ka ga yara sun taru a ƙasa a gindin allo, wayoyin caja sun miƙe tsakanin tebura, ni kuma ina ɗaga ƙafa ina tsallakewa. Masu zama kusa da taga ba sa ganin komai saboda hasken rana na dukan gilashin, in ka rufe tagar kuma zafi ya taso. Kafin kowa ya shiga shafi ɗaya kwata na darasin ya tafi.

Sannan ga abin da ba mai faɗa a taron ƙaddamarwa: ni ina gaba, bayan murfin nake gani. Yaro ya natsu, ido a kan na'ura, fuska kamar mai nazari, ashe ƙwallo yake kallo. Dole na sauya tsarin zama, na mayar da tebura jikin bango yadda zan tsaya a tsakiya in ga fuskar kowace kwamfuta. Ajin da aka gina a matse ba zai ba ka wannan damar ba.

Duk da haka ba zan so a karɓe su ba. Akwai yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, amma da aka fara rubutu a kwamfuta, inda za ta goge ta gyara ba wanda ya gani, sai ga ta da shafi guda cur. Kuma gwajin da da sai na kwana ina makin sa, yanzu kafin su fita na san tambaya ta nawa ce ta kayar da rabin aji, washegari daga nan nake farawa.

Injiniyan Gini:
Malama, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da nake ta fama in fahimtar da masu ba da kwangila. Tambayar ba gini ko kwamfuta ba ce kawai, har da wane irin gini.

Lokacin da bango ke tsirara, kafin a yi filasta, sa bututun waya abu ne mai arha ƙwarai. Bayan an yi fenti an shiga, sai an fasa bango, ko a bi sama da roba ana mannawa, yara na ɓalle ta. Don haka ko gunduma ba ta da kuɗin kwamfuta ko ɗaya a bana, ni shawarata a sa bututun, a bar su fanko da igiyar ja a ciki. A raba soket a bango huɗu. A ja wayar intanet zuwa silin na kowane aji, don bangon kankare da ƙarfen da ke cikinsa suna kashe siginar, na'urar intanet ɗaya a ofishin shugaban makaranta ba za ta ciyar da azuzuwa goma ba. A ware ɗan ɗaki mai iska da ƙofa mai ƙarfi na caji da ajiya. A lissafa nauyin wutar tun daga akwatin rabawa. A juya ginin yadda dogayen bangon masu tagogi za su fuskanci kudu da arewa, a sauko da baki na rufin ya yi inuwa. Waɗannan duk sun cancanci bashin dogon zango, don za su ga zubi huɗu ko biyar na na'urori sun zo sun wuce.

Abin da ba na so shi ne a zana gini a kan yayin zamani. A shekarun 1970 an yi yayin makarantu marasa bango a Amurka da Ingila, babban zaure guda, ajujuwa da yawa a ciki, wai don yara su sake. Hayaniya ta hana kowa jin kowa, da yawansu daga baya aka dawo aka sa musu bangon. Ɗakunan kwamfuta na shekarun 1990 ma, masu tebura a kafe da siminti, yau neman yadda za a yi da su ake. Ka gina aji mai faɗi mai kusurwa huɗu, kayan ciki masu motsi, ka bar malamai su tsara.

Hajiya Mai Akanta:
Kuma ga amsa ga maganarka ta farko, Baba, cewa gini ba ya koyarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya bi ɗalibai miliyan 10 a Amurka da suka maimaita jarrabawar PSAT ta 'yan sakandare. A makarantun da ba na'urar sanyaya ɗaki, duk ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin Fahrenheit a zafin shekarar karatu ya rage kusan kashi 1 cikin 100 na abin da yaro ke koya a shekarar. Inda akwai na'urar kuwa, yawancin asarar ta ɓace. A 2020 ɗin dai ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya ce kashi 41 cikin 100 na gundumomi na buƙatar gyara ko sauya na'urorin iska da ɗumama da sanyaya a aƙalla rabin makarantunsu. Ƙasa mai kuɗi ke nan. Gini ba ya koyarwa, gaskiya ne, amma yana iya hana a koya.

Ɗan Kwamfuta:
To in an bi taku, yaushe za a gama gini a zo kan kwamfuta? Gini ba ya ƙarewa. Kullum akwai rufin da ke yoyo a wani wuri. Yaron da iyayensa ke da hali yana da tasa a gida tun yana ƙarami. Wanda ba su da hali, makaranta ce kaɗai inda zai taɓa ta. Ku ce ya jira sai an gama filasta, shi ne zai fita ya je neman aiki bai iya haɗa takarda a imel ba.

Malamar Aji Biyar:
Wannan maganar taka tana da nauyi, ƙanena, ban ga wanda ya amsa ta ba tukuna.

Malam Mai Alli:
Bari in gwada. Tsakanin "kowa da tasa" da "babu ko ɗaya" akwai fili mai faɗi. Kenya ta bi ta nan. A zaɓen 2013 aka yi alkawarin kwamfutar cinya ga kowane ɗan aji ɗaya, aka koma kwamfutar hannu da aka fara rabawa a 2016, daga baya gwamnati ta karkata ga gina ɗakin kwamfuta a kowace makaranta. Na'ura arba'in a akwatin caji mai taya, ana turawa daga aji zuwa aji bisa jadawali, za su ishi yara ɗari biyu su koyi buga rubutu da bincike da aika saƙo. Ba sa zuwa gida, don haka fashewa da ɓata sun ragu. Ɗan sakandare na sama shi ne za a iya cewa ya riƙe tasa. Ɗan shekara shida kuwa fensir da littafi ya fi buƙata. Suwidin da ta yi nisa a wannan harka, a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta sanar da komawa ga littattafan takarda ga ƙananan yara, bayan makin karatunsu a gwajin karatu na ƙasa da ƙasa, PIRLS, ya sauko daga 555 a 2016 zuwa 544 a 2021.

Ɗan Kwamfuta:
Makin 544 ɗin ma yana cikin na sama a Turai, kuma shekarar korona ce. Kada a ɗora wa kwamfuta laifin da ba a tabbatar nata ba ne. Amma akwatin mai taya na yarda da shi a firamare. A sakandare ban sauka ba.

Hajiya Mai Akanta:
Ba sai ka sauka ba, ka dai kawo lissafin shekara ta biyar. Gundumomin Amurka sun samu tallafin korona na kusan dala biliyan 190, da yawa suka sayi Chromebook, kwamfutar cinya mai manhajar Google, da shi a 2020 da 2021. Tallafin ya ƙare a 2024, daidai lokacin da batir ya fara mutuwa, maɓallai suka fara zubewa. Akwai ma waɗanda lafiyarsu ƙalau amma wa'adin sabunta manhajarsu ya cika, shafukan jarrabawa suka daina karɓarsu, har sai da Google ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 10 a 2023 bayan an yi ta ƙorafi. Duk wanda zai kawo shirin kowa da tasa, ina so in ga layi a kasafin kowace shekara na sauya kashi ɗaya bisa huɗu ko bisa biyar na na'urorin, da albashin mai gyara, da kuɗin lasisin manhaja, da lokacin horar da malamai a cikin lokutan aiki, ba ranar hutunsu ba. In waɗannan layukan ba sa nan, rabo ne na hoto.

Baban Ɗalibai:
Kun sa na ja baya kaɗan, ban dai koma gefe guda ba. Saura tambaya ɗaya da ta shafe mu iyaye kai tsaye. In yaro ya fasa gilashin, wa zai biya?

Malamar Aji Biyar:
Baba, a nan ake yin ta. In aka ce iyaye, to talaka zai hana ɗansa ɗaukowa, ko yaron ya fasa ya ɓoye, sai ka ga mako biyu yana cewa ya manta ta a gida. In aka ce makaranta ce za ta biya komai, sai a riƙa jefa jaka a ƙasa da ita a ciki. Abin da na ga ya fi tafiya shi ne fashewar farko makaranta ta ɗauka, ta biyu a kira iyaye a zauna, sannan a ajiye wasu na aro a ofis don kada yaro ya zauna hannu rabbana yayin da tasa ke wurin gyara. Kuma yawancin fashewar ba faɗuwa ba ce. Biro ake mantawa a kan madannai a rufe murfin.

Injiniyan Gini:
Ko kuma teburin ne. Tsohon tebur mai gangare an yi shi ne don littafi, faɗinsa bai isa kwamfuta da littafin rubutu tare ba, yaro na juyawa gwiwar hannunsa ta ture ta. In za a ba da kwangilar kujeru tare da ginin, a ce saman ya zama shimfiɗaɗɗe, zurfinsa ya kai santimita 60, da ɗan baki a gefen gaba.

Hajiya Mai Akanta:
Teburin kam na yarda a saya da kuɗin gini, Injiniya, in dai na katako mai kyau ne ko ƙarfe. Turo mana awon sauran, da yawan soket ɗin da kake ganin ya dace da aji mai ɗaukar yara arba'in.